Na'urar da Ba Ta San Kara Ba

Shekara shida ke nan cif da rasuwar Inna, mahaifiyar maigidana. A irin wannan watan ne, farkon damina, aka ɗauke ta daga gidanmu da ke bayan Titin Bauchi aka kai ta makwancinta. Kowace shekara idan ruwan farko ya sauka a kan kwanon ɗakinta sai in ajiye abin da nake yi in saurara. Yarana sun ɗauka kewar kakarsu ce kawai take taso mini. Kewar tana nan, amma akwai wani abu kuma da ban taɓa faɗa musu ba. Shi nake so in rubuta bana, tun da har yanzu mutane na tare ni a wurin aiki suna tambayata ko gwajin nan na wuta da ake yi wa jijiya yana da wani amfani, ko wahalar da marar lafiya ne kawai.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ba likita ba, ba ma cikakkiyar nas ba. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa ta wajen Kabong, inda muke awon ciki da rigakafin yara da wanke rauni. Amma duk wanda ya yi irin aikinmu ya san cewa dangi ba ruwansu da wannan bambancin. Ranar da ka sa farar riga ka zama likitan zuri'a gaba ɗaya, har da masu ciwon haƙori. Inna ce ta laƙaba mini suna Likita tun ina amarya. Da tsokana ta fara, har sunan ya bi ni, kuma duk zaman da muka yi gida ɗaya ban ji ta kira ni Binta ko sau ɗaya ba.

Inna 'yar ruga ce da aure ya kawo ta cikin gari, amma ba ta taɓa rabuwa da nono ba. 'Yan'uwanta na kawo mata kindirmo daga bayan gari, ita kuma tana yin fura tana sayarwa a gida. Furarta sananniya ce a layinmu, har ɗaliban jami'a na zuwa saye. Ba daɗin kaɗai ba, har da kyan curi, domin idan ta jera su a faifai sai ka rantse da ma'auni aka yi su. Siririya ce, mai tafiya a miƙe, bakinta kuwa ba ya raga wa kowa. Abu ɗaya na kasa raba ta da shi, son allura. A wurinta ƙwaya abin yara ne. Idan ta je asibiti aka sallame ta da ƙwayoyi sai ta dawo tana mita, wai likitan bai duba ta da kyau ba.

Wata damina zazzaɓi ya kama ta mai zafi, ga amai, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Muka je asibiti, likita ya rubuta allura ta kwana uku. Aka yi ta farko a can, sauran biyun aka ce tun da akwai ma'aikaciya a gida in ƙarasa mata. Na yi mata su a mazauni na dama, can sama ta gefe, inda aka koya mana. Na sha yin irinta ba adadi. Ta warke ta koma kan furarta, har tana faɗa wa maƙwabta wai hannuna ba ya zafi.

Bayan kamar mako uku sai silifas ɗinta na dama ya fara zamewa daga ƙafarta. Tana tafiya a tsakar gida sai ka ga ta baro shi a baya. Muka yi ta dariya, ita ma tana yi, tana cewa takalman yanzu ba su da amana. Daga nan sai yatsun ƙafar suka fara jan ƙasa. Ta yi tuntuɓe a bakin madafi, ta sake yi a bakin rijiya. Kafin damina ta fita, sai ta ɗaga gwiwa sama sosai sannan take iya jefa ƙafar gaba.

Ban san wanda ya fara haɗa ƙafar da allurar ba. Ina jin ma ni ce, a cikin raina, tun kafin kowa ya furta. Domin abin yana faruwa, kada wani ya ce muku ba ya faruwa. Akwai wata babbar jijiya da ta ratsa ta mazauni ta sauka har ƙafa. Idan mai allura ya kuskure wuri ya same ta, ƙafa tana iya shanyewa, kuma irin wannan jan ƙasar take yi. Na ga yaran da aka kawo mana da haka bayan an yi musu allura a lungu. A dama na yi allura, ga ƙafar dama tana ja. Me ya rage kuma?

Wadda ta fara faɗa a fili ita ce Yaya Ladi, babbar 'yar Inna, da ke aure a Tudun Wada. Ba zan zalunce ta a rubutun nan ba. Mace ce mai son uwarta matuƙa, ta zo ta tarar da uwar da ta sani da zafin nama tana dafa bango. Ta zauna a ɗakin Inna ta ɗaga murya yadda zan ji daga tsakar gida.

"Mutum lafiyarsa ƙalau, an tsira masa allura, ƙafa ta mutu, sannan a ce kada a yi magana? Ai ba duk wanda ya sa farar riga ne ya iya aiki ba."

Inna ta ce, "Ba allura ba ce."

"Inna, kara kike yi mata."

Wannan maganar ita ta ɗaure Inna tsawon watanni. Duk wanda ya zo dubiya sai ta faɗa masa ba allura ba ce, shi kuma ya jinjina kai ya fita yana yabonta, wai Inna akwai kara, matar ɗanta ta nakasa ta amma tana rufa mata asiri. Yawan musun da take yi shi ya ƙara tabbatar wa mutane da laifina. Matar da ko sunan 'yarta ta fari ba ta faɗa saboda kunya, sai dai ta ce Babba, wa zai yarda za ta buɗe baki ta ce surukarta ta cuce ta? Ni kaina ban yarda da ita ba. Duk sanda ta kare ni sai in ji kamar in nutse, don na ɗauka alheri take yi mini wanda ban cancanta ba.

Ba wanda ya zage ni ido da ido. A hankali abin ya zo. Matan layinmu da ke kawo mini yara in duba musu zafin jiki suka daina. A gidan suna idan na shiga sai hira ta canza. Maigidana bai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi mini ciwo, don da ya yi faɗa da na san matsayina. A wurin aiki na roƙi shugabarmu ta mai da ni teburin kati, na ce idona ne ke damuna. Gaskiyar ita ce da na ɗauki sirinji hannuna yake fara rawa. Wata da watanni ban yi wa ko yaro ɗaya rigakafi ba.

Nakan gode wa Allah da abin bai faru yanzu ba. A wancan lokacin magana sai an taka an kai ta. Yau danginmu na da zaure a waya, inda kafin a idar da sallar azahar labari ya isa har ga wanda ke Legas, kowa kuma ya turo muryarsa da maganin da ya ji a wani wuri. Da Inna ta ga wannan zauren, na san abin da za ta ce, cewa mutane sun samu hanyar yin tsegumi ba tare da sun kashe takalmi ba. Kuma da ta sa an shigar da ita, don ba ta son a yi magana ba ta.

An yi wa ƙafar gashi, an yi shafe-shafe, an yi tofi, ba abin da ya canza. A ƙarshe muka ga wani likita a babban asibiti. Ni na raka ta, ni ce kuma tafinta, don likitan ba ya jin Hausa sosai. Ya bubbuga mata gwiwa da 'yar gudumarsa, ya sa ta tura hannunsa da ƙafa, ya daɗe yana kallon damtsenta. Sannan ya rubuta takarda ya ce a je a yi gwajin jijiya da tsoka, shi ne zai nuna inda matsalar take. Na rage murya na tambaye shi da Turanci ko gwajin zai nuna idan allura ce. Ya ce zai nuna.

Ga laifin da na aikata da gaske, wanda ba wanda ya taɓa zargina da shi. Da Inna ta tambaye ni me likita ya ce, sai na ce ya ce a ci gaba da gashi da motsa ƙafar. Takardar kuwa na ninke ta na cusa a aljihun jakata. Tsoron na'urar nake ji. Muddin ba a yi gwajin ba zargi ne kawai, amma in an yi zai zama a rubuce da sa hannun likita, kuma ban ga yadda zan ci gaba da zama a gidan nan ba, ko in sake sa farar riga. Mako uku takardar tana jakata, ina zuwa aiki da ita ina dawowa da ita.

Wata Asabar da hantsi ina taya ta tankaɗen garin gero, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Likita, takardar gwajin nan, sai ta ruɓe a jakarki?"

Ashe shekarun da ta yi tana ciniki da 'yan jami'a ba a banza suka tafi ba, tana tsintar Turanci fiye da yadda take nunawa. Na fara kame-kame, na ce ai gwajin da zafi, wuta ake sa wa mutum, ga allurai, ga shekarunta. Ta ce, "Ni za ki tsorata da allura?" Sai ta turo mini faifan furar da ta cura da safe ta ce in duba. Na duba. Wasu curin a baje suke, wasu sun karkace, ba irin nata ba sam. Ta buɗe hannunta na hagu ta nuna mini tsakanin babban yatsa da manuni, wurin ya faɗa ya yi rami. Ta ce ta fi wata biyu tana lura da shi, kuma naman damtsenta yakan yi ta motsi shi kaɗai.

"A hannu kika yi mini allura?"

Na ce a'a. Na ce to ta nuna wa Yaya Ladi mana.

"Na nuna mata. Ta ce tsufa ne da rashin cin abinci. Na faɗa da bakina an ce kara ce. To ki kai ni wurin abin da bai san kara ba. Ki kuma aika wa Babba, da ita za mu je."

Ko a nan hankalina bai kwanta ba. Na ce a raina wataƙila hannun daban, ƙafar daban, tsufa ya kama ɗaya ni na kama ɗaya. Amma Inna ta riga ta yanke magana, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa ta janye ba.

Ranar gwajin muka shiga keke mu uku da safe, Inna a tsakiya. Ɗakin ɗan ƙarami ne mai sanyi, da gado ɗaya da wata na'ura mai allo da wayoyi da 'yar lasifika. Likitar da ke gwajin Bayarabiya ce, haifaffiyar Jos, Hausarta irin tamu ta nan wadda mace da namiji duk ka ne. Ta ce mutum ɗaya ne zai tsaya da marar lafiya. Inna ta ce ko dai su biyun su tsaya, ko a miƙo mata mayafinta ta koma gida. Likitar ta kalle ta, ta yi dariya, ta sa aka ƙaro kujera.

Gwajin kashi biyu ne. Da farko ta manna wasu 'yan ƙarafa a ƙafar, ta auna da tef ta yi alama da biro, sannan ta ɗora wani abu mai baki biyu a idon sawu.

"Mama, zai ja ka kaɗan-kaɗan. Ka saki jiki, ba zai yi maka komai ba."

"Ja mana," in ji Inna.

Ƙafar ta zabura. Aka matsa ƙasan gwiwa, ta sake zabura. Yaya Ladi ce ke runtse ido duk sanda aka danna, ba Inna ba. Likitar tana yi tana bayani. Ta ce jijiya kamar wayar wuta ce, ana tura saƙo ta wannan gefen a ga ƙarfinsa da saurinsa idan ya isa wancan. Ta ce iri biyu ce, akwai mai kai umarnin motsi zuwa tsoka, akwai mai dawo da ji daga fata. Da ta gwada masu dawo da ji a ƙafar dama sai ta ce lafiyarsu lau. Ta tambayi Inna ko lokacin da aka yi allurar ta ji wani zafi ya tsarga mata har tafin ƙafa. Inna ta ce ko kaɗan. Ta tambaye ta ko ƙafar tana mutuwa ta daina ji. Inna ta ce ko tururuwa ce ta hau ta sai ta sani. A nan na fara ɗago kaina, don ɗan karatun da na yi ya isa in san cewa jijiyar da allura ta soka ba ta cika barin ji ya tsira ba.

Kashi na biyu da allura ake yi, siririya ƙwarai, ba magani a cikinta, ba kuma wuta. Saurare kawai take yi. Likitar ta ce tsoka mai lafiya idan tana hutawa shiru take, ba za a ji komai a lasifikar ba. Ta soka allurar a ƙaurin dama ta ce Inna ta saki ƙafar. Sai muka ji ƙara, ɗis, ɗis, ɗis, kamar ruwan farko a kan kwano. Ta ce wannan ƙarar tsokar da jijiyarta ta sake ta ce. Yaya Ladi ta juyo ta kalle ni. Na sunkuyar da kai.

Likitar ba ta tsaya ba. Ta cire allurar ta soka a gaban cinya, ta ce wannan tsokar wata jijiya ce daban ke riƙe da ita, ba wadda ta bi ta mazauni ba. Ƙarar ta fito. Sannan ta zagaya gadon ta kama ƙafar hagu, wadda ban taɓa kusantarta da allura ba, wadda duk muke kira mai lafiya. Ta soka, ta ce a saki jiki. Ɗakin ya yi tsit, sai ga ruwan nan ya sake sauka a kan kwano.

Abin da ban taɓa faɗa wa yarana ba shi ne wannan. A daidai lokacin na saki wata ajiyar zuciya da duk ɗakin ya ji. Na san ma'anar ƙarar. Na san idan ciwo ya bazu haka, abin ya fi kuskuren allura muni nesa ba kusa ba. Amma abin da ya fara zuwa mini ba tausayin Inna ba ne, sauƙi ne. Likitar ta ci gaba, ta gwada hannu, ta gwada damtse, ta gwada gefen ƙashin baya, ko'ina ƙarar tana nan.

Da aka gama Inna ta gyara ɗaurin zaninta ta zauna a bakin gadon. Ta ce, "Ina da tambaya, kuma ki amsa da Hausa yadda Babba za ta ji. Allurar da aka yi mini a nan, tana iya tsallakawa ta kama wannan ƙafar da wannan hannun?"

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta. "A'a, Mama. Allura bai yi wannan ba. In da allura ne, jijiya ɗaya zai taɓa, ƙafa ɗaya. Wannan daga ciki ya taso. Ko an yi maka allura ko ba a yi ba, zai zo."

"Babba, kin ji?"

Yaya Ladi tana hawaye ta ce, "Na ji, Inna."

"To a rubuta a takarda."

Likitar ta rubuta, ta ce amma sunan ciwon sai mun koma wurin wanda ya turo mu, don akwai sauran binciken da zai haɗa. Mun koma, an yi binciken, an faɗa mana. Ciwo ne da ke cinye jijiyoyin motsi a hankali tun daga tushensu, ba a san masa maganin warkewa ba, sai dai kulawa da lallaɓawa. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya sa kaffara ne, ta tambayi ko za mu biya ta kasuwa don gerota ya ƙare.

Takardar nan ta yi yawo. Inna ta sa an ajiye ta ƙarƙashin matashinta, duk wanda ya zo dubiya sai an karanta masa, ko yana so ko ba ya so. Yaya Ladi ta same ni a madafi bayan kwana biyu, ta karɓi muciya daga hannuna ta ƙarasa tuƙin tuwon. Tana tuƙi ta ce, "Binta, ki yafe mini." Na ce ba komai, kuma da gaske nake. Maigidana shi ma ya buɗe baki a ƙarshe, ya ce shirun da ya yi rasa abin faɗa ne, tsakanin uwa da mata. Na karɓa, ko da yake na faɗa masa cewa nan gaba ya rasa abin faɗan da ɗan sauti.

Mutane sun wanke ni, matan layi suka dawo da yaransu, amma ban koma teburin allura ba. Yanzu ba tsoron kuskure ke damuna ba, kunyar ajiyar zuciyar nan ce. Wace irin mace ce za ta ji sauƙi a daidai lokacin da na'ura ke faɗin ciwon ajalin surukarta? Ina yi wa Inna wanka, ina juya ta a gado, ina dama mata kunu mai ruwa-ruwa da haɗiya ta fara yi mata wuya, amma ban iya haɗa ido da ita sosai.

Yanzu idan aka tambaye ni amfanin gwajin, nakan faɗi abin da na gani. Na ga maƙwabcinmu tela da yatsunsa suka dinga mutuwa har ya fara tunanin sayar da keken ɗinkinsa. Gwajin ya nuna jijiya ce ta matse a wuyan hannu, aka yi masa ɗan aiki, yana nan yana ɗinki. Na kuma ga yarinyar da gwajin ya nuna cewa lalle allurar lungu ce ta taɓa mata jijiya, aka fara mata gashi da wuri. Na'urar ba ta yi wa mai allurar kara ba, kamar yadda da ni ce na yi kuskure ba za ta yi mini ba. Shi ya sa idan ɗalibai suka zo mana koyon aiki nake takura musu a kan wurin soka allura har su gaji da ni. Inna kuwa gwajin bai ƙara mata ko kwana ɗaya ba, kuma ta san haka tun kafin ta hau keken.

Da za ta leƙo yau, na san furar gora da ake markaɗawa da inji ce za ta fara ɓata mata rai. Za ta ɗaga gorar ta ce wannan kunu ne ko fura. Amma za ta ji daɗin ganin Amira, babbar 'yata, tana curi daidai irin nata, ba wanda ya koya mata sai kallo. Za ta kuma yi dariyar yadda ni da Yaya Ladi muka zama ba a jin kanmu, har idan jikokin Yaya Ladi ba su da lafiya ni take fara kira kafin ta kira iyayensu.

Damina ta biyu bayan gwajin zazzaɓi ya sake kama Inna. A lokacin ba ta tashi, maganarta ma ta yi nauyi, sai wanda ya saba da ita ke ganewa. Wani likita ya zo gida ya duba ta ya rubuta allura. Na ce zan kira abokiyar aikina ta zo ta yi. Inna ta girgiza kai. Yaya Ladi ta kai kunnenta kusa da bakinta, ta ɗago ta ce, "Ta ce Likita ce za ta yi."

Na zuƙi maganin a sirinji. Yaya Ladi ta juya ta a hankali ta riƙe ta. Na tsaya da auduga a hannu na kasa matsawa. Sai Inna ta yi mini alama da ido in sunkuyo. Da kyar kalmomin ke fita, ɗaya bayan ɗaya, amma na ji su duka.

"Ranar nan na ji ajiyar zuciyarki. Ita na je nema, ba lafiya ba. Ki soka, Likita."

Na soka, can sama ta gefe, inda aka koya mana. Da na zare ta ce hannuna ba ya zafi. Litinin ɗin da ta biyo baya na je wurin shugabarmu na ce idona ya warke.

Damina ta gaba ba ta yi nisa ba Inna ta rasu. Ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba, faya-fayenta da ƙoren damunta ne muka raba tsakaninmu don tunawa. Takardar gwajin ni aka bar wa, tana cikin akwatina ta yi laushi saboda ninki. Idan na auna abin da ya rage na Inna, nakan ga cewa mutanen da suka ce tana da kara ba su yi ƙarya ba, wurin da karar take ne ba su gano ba. Tsohuwa ta kwanta aka ja ta da wuta, aka sossoka mata allura daga ƙafa har baya, ta ji sunan ciwon da zai kai ta ƙasa, duk don matar ɗanta ta samu ta yi numfashi. Shekara shida ke nan, kuma duk sanda ruwa ya fara sauka a kan kwano nakan saki ajiyar zuciyar nan ba tare da kunya ba, tun da mai ita ce ta ba ni.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ya haskaka makwancinta. Gobe ranar rigakafi ce a asibitinmu, iyaye za su cika benci tun da sassafe, kuma ni ce a kan teburin allura.